Kwana Arba'in: Tarihin Jego da Gane Alamun Haɗari ga Mai Haihuwa

Jego shi ne zaman da mace take yi tun daga saukarta har ta cika kwana arba'in, kuma yana cikin al'adun da suka fi tsari a rayuwar Hausawa. A tsawon waɗannan kwanaki mai jego ba ta daka, ba ta girki, ba ta zuwa rijiya ko unguwa. Abincinta daban, wankanta daban, kuma akwai babbar macen da aka ɗora wa alhakin kula da ita, ko mahaifiyarta, ko gwaggonta, ko uwar mijinta, ko wata dattijuwa da aka ɗauko musamman. Idan haihuwar fari ce, a wurare da dama akan mayar da yarinya gidan iyayenta tun ciki yana wata bakwai ko takwas, wato goyon ciki, ta haihu a can. Wasu kuma sai bayan suna ake tafiya da ita wankan gida. Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan wannan al'ada da aka rubuta daga bakin mace shi ne na Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Abin da Baba ta faɗa game da ƙauyukan zamanin ƙuruciyarta bai yi nisa da abin da ake gani a karkara har yanzu ba.

A tsarin gargajiya, ungozoma ba ta cika tarar da naƙuda ba. Mace takan durƙusa ita kaɗai a ɗaki, ko da wata tsohuwar gida a kusa, sai an ji kukan jariri a aika yaro ya kira ungozoma. Aikinta shi ne yanke cibi, jiran fitowar mabiyiya da binne ta, wanke jariri, gasa masa cibi, da haɗa wa uwa ruwan wanka na farko. Sana'a ce ta tsofaffin da suka daina haihuwa, galibi gadonta ake yi, ladanta kuma hatsi da sabulu da ɗan kuɗi da kasonta na naman suna. A bayan wannan tsari akwai kunya da dauriya. Ana yabon macen da ta haihu ba a ji motsinta ba, kuma 'yar haihuwar fari ba ta ko ɗaga ido ta kalli jaririnta a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce wani wuri na yi mata ciwo. Tarbiyya ce mai kyawun gani, amma ta sa wadda ta fi kowa sanin abin da ke faruwa a jikinta ita ce ta ƙarshe wajen faɗa.

Duk abin da ake yi wa mai jego ya ginu ne a kan fahimta guda: haihuwa tana barin jikin mace ɗanye kuma a buɗe, babban abin tsoro shi ne sanyi ya shige shi. Maganin sanyi kuwa zafi ne, ta waje da ta ciki. Tun ciki yana wata shida ko bakwai miji yake fara tara itacen wanka, don namijin da matarsa ta haihu ba a ga tulin itace a gidansa ba zai sha magana. Da asuba ake hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya ko rabin duro, a bar ruwa ya tafasa sosai, a kai shi makewayi. Mai jego ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne, mai wanka ta tsoma damin ganye a cikin ruwan, ta riƙa fyaɗa mata a baya da ciki da cinyoyi, tururi ya turnuƙe wurin har ba a ganin fuskar kowa. Da la'asar a maimaita. Ganyen runhu da na tsamiya su ne na da. Darbejiya, wadda yau ake ɗauka kamar da ita aka fara wankan, baƙuwa ce, don sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno, daga nan ta bazu. A Zazzau da kudancin Katsina akwai ƙarin gashi, inda ake kwantar da mai jego a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, a rufe ƙofa, ta yi ta haɗa gumi.

Zafin ciki kuma aikin kunun kanwa ne da yaji da ƙauri. Ana dama kunun da gero, a zuba citta da kanumfari da masoro, a sa kanwa da yawa, mai jego ta sha safe da yamma domin ya kawo ruwan nono ya kuma wanke ciki. Ita kanta kanwar tana da dogon tarihin fatauci. Daga Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Chadi fatake suke ɗauko ta a kan jakuna da takarkarai zuwa kasuwannin Kano da Katsina da Zariya, kuma ungurnu ta bakin tafki tana cikin waɗanda aka fi daraja.

Bai kamata a raina abin da wannan al'ada ta tanada ba. Ta ba mace hutun makonni shida a zamanin da aikin gida ke cin ƙarfin mutum, ta ba ta nama da abinci mai gina jiki a lokacin da ta yi asarar jini, ta wanke ta da ruwan da aka tafasa, ta nisanta ta da miji har jiki ya warke, kuma ta sa idanun manyan mata a kanta dare da rana. Ƙasashe da yawa masu manyan asibitoci ba su da tsarin da ke kewaye mai haihuwa da mutane haka. Rauninta yana wajen fassara abin da idanun suke gani. Jini mai yawa bayan haihuwa ana ɗaukarsa dauɗa ce take fita, har an fi damuwa idan ya yi kaɗan, don kada ya kwanta a ciki. Kumburin ƙafa da fuska shaida ce cewa sanyi ya shiga, sai a ƙara wuta a ƙara kanwa. Zazzaɓi a kwana na uku ruwan nono ne yake zuwa. Ciwon kai rashin barci ne. Idan kuwa mace ta sanƙare, ta fara jijjiga tana taune harshe, an bar batun jiki ke nan, an koma maganar iskokai ko mayu, a nemo hayaƙi da rubutu. Waɗannan abubuwa, jini da kumburi da zazzaɓi da ciwon kai da jijjiga, su ne ainihin ƙofofin da mutuwa ke shigowa ta cikinsu a kwanakin jego.

Karatun addini ma ya taɓo jinin biƙi, amma ta wata fuska. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Ahalari da Risala, sun nuna iyakarsa kwana sittin ne, kuma abin da suka kula da shi shi ne yaushe mace za ta yi wankan tsarki ta koma salla da azumi. Saboda haka mata sun iya ƙirga kwanakin jini sosai. Yawan jinin da ke zuba cikin sa'a guda kuwa ba tambayar fiƙihu ba ce, ba kuma wanda aka ɗora wa auna shi. Wankan tafasasshen ruwa da gashin gado al'ada ce tsantsa, ba su cikin abin da shari'a ta wajabta.

Sauyi ya fara ne daga Zariya. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka buɗe sashen koyon likitanci a 1967, kuma ba a daɗe ba likitocin asibitin jami'ar suka lura da wani abu da ba su saba gani da wannan yawa a ko'ina ba. Ana ta kawo mata masu jego, yawancinsu Hausawa da Fulani, jiki ya kumbura tun daga ƙafa har ciki, suna haki, suna tari, ba sa iya kwanciya sai a zaune a jingine, jijiyoyin wuya sun tashi. Zuciya ce ta gaza. Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi mata 224 da aka kwantar tsakanin 1969 da 1972, suka buga cikakken sakamakon a 1978. Sun ƙiyasta cewa cutar tana kama kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da suka haihu a cikin Hausawan Zariya, ta fi yawa a wajen watan Yuli lokacin da zafi ya haɗu da laima, kuma alamunta kan fara a makonnin farko amma da yawa ba a kai su asibiti sai an shiga wata na biyu. Bayaninsu shi ne kanwa tana cike da gishirin da ke riƙe ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki, sai nauyin ya fi ƙarfinta. Da yawa daga cikin matan sun farfaɗo da sauri da aka ba su maganin fitar da ruwa da na ƙarfafa zuciya.

Wannan bincike ya yi suna a duniya, har wankan jego da kunun kanwa suka shiga littattafan likitanci a matsayin masu laifi. Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa masu wannan cuta suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. A Sakkwato, binciken da aka buga a 2007 ya sake samun kusan mace ɗaya cikin ɗari. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci tattara bayanan masu cutar daga asibitoci da dama a faɗin Nijeriya tun daga 2017, kuma abin da ya fito ya sauya hoton. Ba a ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin cutar da wankan zafi ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi ko'ina yawan masu ita. Wannan bai wanke al'adar gaba ɗaya ba. Macen da zuciyarta ta riga ta yi rauni, ko jininta ya hau, gishirin kanwa da tururi za su ƙara mata wahala, kuma likitocin fiɗa a Zariya sun rubuta labarin ƙunar da tafasasshen ruwa ya yi wa mata. Amma ya nuna cewa hana wanka kaɗai ba zai kawar da cutar ba. Abin da ke ceton rai shi ne a gane cewa haki da kumburi da tarin dare a jikin mai jego ciwon zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Bincike na biyu da ya fito daga Zariya ya fi na farko faɗi. Farfesa Kelsey Harrison, ɗan asalin Abonnema a jihar Ribas ta yanzu, shi da ma'aikatansa suka rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere tsakanin 1976 da 1979, aka buga a 1985. Sama da mata 200 ne suka rasu a cikinsu. Da aka tsefe alƙaluman, sai aka ga mutuwar ta taru ne a kan rukuni ɗaya: matan da ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su a makare bayan an gama gwada komai a gida, da yawansu ƙananan yara masu cikin fari ko manyan da suka haihu sau da yawa, kuma kusan dukkansu ba su yi makaranta ba. Masu zuwa awo, ko da talakawa ne, mutuwarsu kaɗan ce ƙwarai. Harrison ya kafe a kan cewa ilimin mata shi ne tushen gyara. Aikinsa yana cikin hujjojin da aka riƙe lokacin da aka ƙaddamar da yunƙurin duniya na kare rayukan masu haihuwa a taron Nairobi na watan Fabrairun 1987.

A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka tsara abin da ake kira jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A ƙasar Hausa na farkon ya fi nauyi, kuma Lewis Wall, wanda ya yi zaman bincike a yankin Malumfashi kafin ya zama likitan mata, ya bayyana dalilin a 1998. Mace tana zubar da jini a ɗaki, tsofaffi suna cewa a ɗan jira, maigida yana kasuwa ko ya tafi cirani, kuma ba mai ikon fitar da matar wani ba da izininsa ba. Kafin a samo shi, a samo kuɗi, a samo mota, dare ya yi. Daga irin wannan fahimta ne masu bincike na Sakkwato suka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihar Kebbi cikin shekarun 1990, aka horar da direbobin tasha su ɗauki mace mai matsalar haihuwa ba tare da dogon ciniki ba. Tsarin ya bazu daga baya zuwa Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe da wasu jihohi, tare da asusun gaggawa na unguwa da kuma kiran magidanta su bar izini a gida tun kafin ranar ta zo.

Zubar jini ita ce ta fi gaggawa a cikin dukan alamun, domin tana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu. Yawanci mahaifa ce ta kasa tsukewa bayan fitowar jariri, ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, ko an samu yagewa. Ma'aunin da likitoci suka daɗe a kai shi ne rabin lita cikin kwana ɗaya na farko, kimanin cikin ledar ruwan sha guda. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna jinin da ya jiƙa zane da tabarma da ƙasa, kuma bincike ya sha nuna cewa har ƙwararrun ma'aikata suna rage masa yawa idan suka ƙiyasta. Tarihin yaƙi da zubar jini a Arewa kusan tarihin neman ma'auni ne. A 2006 hukumar NAFDAC ta amince da ƙwayar misofurostol domin wannan aiki, ƙwayar da ba ta buƙatar firji ko allura. A 2009 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada raba ta a ƙauyuka biyar na kewayen Zariya, mace ta haɗiye ƙwaya uku da zarar jariri ya fito, kuma aka koya wa ungozomomi su yi amfani da moɗa mai cin rabin lita wajen gane lokacin da jini ya wuce kima. Ita wannan ƙwaya haɗari ce babba idan aka sha ta da ɗa a ciki, don tana iya fasa mahaifa, shi ya sa aka haɗa rabonta da wayar da kai.

A asibiti ma ma'aunin ne ya kawo canji mafi girma. Gwajin E-MOTIVE, wanda aka buga a 2023, ya ƙunshi asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu da mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Kayan aikin wata leda ce da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, mai aljihu a ƙasa da layukan awo a jiki. Jinin yana gangarawa cikin aljihun, ma'aikaciya tana kallon layin, da ya kai sai a yi komai a lokaci guda, a murza mahaifa, a yi allurar tsuke ta, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Inda aka yi haka an gano zubar jini a kashi 93 cikin ɗari na masu ita, inda ba a yi ba kashi 51 kawai, kuma mummunan sakamako ya ragu da kashi 60. A Jamhuriyar Nijar, wani tsarin ƙasa baki ɗaya da ya haɗa wannan ƙwaya da wasu dabaru masu araha ya rage mutuwar zubar jini a cibiyoyin lafiya da kusan kashi 70, kamar yadda aka buga a 2023. Ga macen da ke gida, abin da ake koyarwa yanzu shi ne jinin biƙi na lafiya ja ne a kwanaki uku ko huɗu na farko, sannan ya riƙa dusashewa yana raguwa. Idan ƙunzugu biyu ko uku suka jiƙe cikin rabin sa'a, ko gudaje manya suna fita, ko jinin ya dawo ja da yawa bayan ya ja baya, ko jiri da bugun zuciya da sanyin hannu suka biyo, ko mabiyiya ta ƙi fita bayan rabin sa'a zuwa sa'a guda, ba a jiran gari ya waye.

Jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, ita ce ta fi daɗewa a hannun masu hayaƙi, saboda kamanninta da abin da aka sani na bugun iska. Asalinta hawan jini ne na juna biyu, kuma mutane da yawa ba su san cewa tana iya zuwa bayan an sauka lafiya ba, galibi a kwana biyun farko, wani lokaci har bayan suna. Jini yakan fi hawa tsakanin kwana na uku da na shida, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka ana shirin suna. Kafin ta buge akan samu gargaɗi: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, amai, kumburin fuska da hannu. Manyan gwaje-gwaje na 1995 da 2002 sun tabbatar cewa allurar magnesiyam salfet ta fi duk abin da ake amfani da shi a da. Amma asibitocin Arewa sun ci gaba da dogaro da allurar sa barci ta diyazefam har zuwa 2008, lokacin da aka shigar da sabon maganin a manyan asibitoci goma na jihar Kano, aikin da Dakta Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake cikin jagororinsa. Mutuwar masu cutar ta sauko daga kimanin kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2 da ɗoriya. Magani ne mai araha da ya shekara goma sha uku da tabbata kafin ya iso, kuma matan da aka rasa a tsakanin ba cutar kaɗai ce ta kashe su ba.

Zazzaɓin bayan haihuwa yana da nasa tsohon tarihin a Turai, inda Ignaz Semmelweis ya nuna a 1847 cewa hannun likitoci ne ke ɗaukar cutar daga gawa zuwa masu haihuwa, kuma sai a tsakiyar shekarun 1930 aka samu maganin da ke kashe ƙwayoyinta. A gidan jego ana shigar da cutar ne ta hannun da ba a wanke ba, da tsumma, da doguwar naƙuda, da abubuwan da ake cusawa. Zafin jiki da rawar ɗari, ciwon mara da ke ƙaruwa, da jini mai wari su ne alamunta, kuma a ɗakin da aka gasa da wuta yana da wuya a bambance zafin cuta da zafin gashi. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa akan yi saurin ɗora masa laifi a sayo ƙwaya a kemis, alhali mahaifa ce take ruɓa. Akwai kuma kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo a sha-raɓa, wanda ke nuna jini ya daskare a jijiya, kuma idan gudan ya tafi huhu sai ciwon ƙirji da haki su zo farat ɗaya.

Abubuwa biyu sun fi saura ɓoyuwa saboda kunya. Na farko yoyon fitsari, wanda kan bayyana kwanaki kaɗan bayan doguwar naƙuda ko yankan gishiri. Kees Waaldijk, likitan Holan da ya fara gyaran wannan lalura a Babbar Ruga ta Katsina a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa idan aka sa robar fitsari da wuri, wasu ƙananan ramukan suna rufewa ba tare da fiɗa ba, don haka makonnin da mace ta yi tana ɓoye jiƙaƙƙen zane asara ce. Na biyu larurar ƙwaƙwalwa. Kuka da ƙuncin 'yan kwanaki bayan haihuwa abu ne da ya zama ruwan dare, yana wucewa. Wadda ta daina barci gaba ɗaya, take sambatu, take jin muryoyi, ta ƙi jaririnta ko take maganar cutar da kanta ko shi, tana buƙatar likita a ranar, kuma tana warkewa idan ta samu magani.

Al'adar kanta ta sauya, ko da yake a hankali. Binciken da Zubairu Iliyasu da abokansa suka yi a Danbare kusa da Kano, aka buga a 2006, ya samu sama da kashi 80 cikin ɗari na mata suna wankan zafi, amma ƙalilan ne suka rage masu kwanciya a gadon wuta. A birane tsadar itace, da yawan haihuwa ta fiɗa, da faɗan ma'aikatan asibiti sun sa gidaje da yawa sun koma ruwa mai ɗumi, an rage kanwa, an bar yaji da farfesu. Ungozomomi kuma, bayan shekarun da aka yi ana horar da su karɓar haihuwa ba tare da mutuwa ta ragu yadda aka yi fata ba, an fi mayar da su masu gane alamu da raka mace asibiti. Duk da haka alƙaluman suna da nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 16 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a cibiyar lafiya, kuma a duk Nijeriya kashi 42 na mata ne ake dubawa cikin kwana biyu da sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya gaba ɗaya.

Ma'aunin da hukumar take ƙirga mutuwar masu haihuwa da shi ya kai kwana 42 bayan sauka, kusan daidai da arba'in ɗin jego. Shawararta ta 2022 ita ce wadda ta haihu a asibiti ta kwana ɗaya cur kafin a sallame ta, wadda ta haihu a gida a duba ta cikin kwana ɗayan farko, sannan a sake dubawa a kwana na biyu zuwa na uku, da tsakanin kwana bakwai da sha huɗu, da kuma mako na shida. A kowace dubawa ana auna hawan jini da zafin jiki, a taɓa mara a ji ko mahaifa ta koma, a tambayi yanayin jinin biƙi da fitsari da nono da barci. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 yana buƙatar kulawa, wanda ya kai 160 bisa 110 kuwa na gaggawa ne. Dubawar mako na shida ta faɗo daidai da ranar da ake kai jariri rigakafi, lokacin da mai jego take yawon arba'in, don haka a nan ne aka fi samun damar auna uwar. Ciwon zuciyar da likitocin Zariya suka bincika yana iya fitowa har wata biyar bayan haihuwa, saboda haka haki ko kumburin da ya zo bayan an fita arba'in ana lissafa shi cikin matsalolin haihuwa, kuma a sashen masu ciwon zuciya ake duba shi.